Umarar Malam Gali

"Likita, ki rufa mini asiri," in ji Malam Gali, ana tura shi ɗakin tiyata. "A Madachi na ce musu Umara na tafi."

Dole ya ɓoye. Shi ne maɗorin da ke danne yara masu karkataccen baya da taɓarya, yana rantse wa iyayensu cewa duk wanda likita ya tsaga wa baya ya gama tafiya. Yau ga shi guringuntsin bayansa ya goce ya danne jijiya, bai kuwa nemi taɓarya ba.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, Baba," in ji Dakta Sadiqa.

Aiki ya yi kyau. Da ya farfaɗo sai ya motsa yatsun ƙafarsa, ya yi hamdala. Sannan ya waiga.

A ɗakin da aka kwantar da shi, babu gadon da bai san mai shi ba. Ga ɗan Shitu na Kahu, ga jikan Hajiya Rakiya. Yaran da ya danne ne, likitar ta tattaro su tana binciken yadda za a gyara ɓarnar da ya yi. Iyayensu sun zuba masa ido.

Wani saurayi ya turo keken guragunsa har bakin gadon.

"Ƙanena ne, Amiru. Ka tuna shi?" in ji likitar. "Ni dai ban ce komai ba."

Amiru ya ɗaga waya ya saita shi.

"Malam, sannu da Umara. Ɗan ƙara motsa ƙafar, mutanen Madachi na kallo."