Rabin Ƙwaya a Gonar Shinkafa

Ina ɗan shekara goma sha biyu lokacin, muna korar tsuntsu a gonarmu ta shinkafa a bakin kogin Haɗeja. Tun safe nake kaɗa gwangwani ina ihu. Kafin la'asar muryata ta dushe, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Na zube a gindin wata bishiyar giyayya, na ce wa Baba na gaji.

Bai yi mini faɗa ba. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar leda daga ciki, ya ɗauko ƙwaya ɗaya. Da farcen babban yatsa ya raba ta biyu, har yau ina jin wannan 'yar ƙarar. Ya jefa rabi a baki, ya miƙo mini rabi da buta.

Na ce, "Baba, ba ita ce Malam ya ce haramun ba?"

Ya ce, "Ta 'yan iska daban. Wannan maganin gajiya ne. Haɗiye, ga tsuntsayen can sun sauka."

Na haɗiye. Har magariba ban sake zama ba, Baba kuwa ya yi ta yabona a gaban maƙwabta.

Shekaranjiya matata ta tsinci irin wannan ƙwayar a aljihun ɗanmu, shekararsa goma sha uku. Na kira shi, na ɗaga hannu zan mare shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, maganin gajiya ne."

Hannun ya sauko da kansa. Ban ma tambaye shi inda ya samo ba. Tun da safe na ga ta cikin hulata ta ragu.