Mai Sanƙon Bikin Serah

Hoto na goma sha huɗu ke nan, kuma ga shi ya sake fitowa. Ilisha ya ja tsaki, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Amarya da ango suna yanka kek a harabar coci, can bayansu wani ƙato ya juya baya, ya rungumo kujerun roba, tsakar kansa tana sheƙi kamar gindin sabuwar tukunya.

Ilisha malamin firamare ne a Saulawa, amma tun da ya sauke manhajar gyaran hoto a wayarsa yake jin ya wuce masu shagon hoto na Ikara. Shi ya rantse cewa da hannunsa zai haɗa wa ƙanwarsa Serah albam ɗin bikinta, ya kuma hana kowa leƙawa, har matarsa Philomena. Shi ya riƙe Serah tun rasuwar iyayensu, ga shi ranar Asabar mijinta zai tafi da ita Fatakwal. Yana so duk sa'ad da kewa ta kama ta, ta buɗe ta ga gida, ta ga yayanta.

To, nan gizo ke saƙar. Happiness, ƙawar amarya, ita ta ɗauki hotunan. Ta turo masa ɗari biyu da wani abu, ta share na wayarta saboda ta cika. Ilisha ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sau uku, bai ga fuskarsa ko sau ɗaya ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mutumin da ya yini a tsaye, ko ruwa bai zauna ya sha ba, a ce babu wanda ya tuna da shi? Ga shi ranar ya fito tsaf cikin ankon da mazan dangin biyu suka ɗinka. Har hula Philomena ta sayo masa a Makarfi, ta yi ta naci ya sa, ya ƙi. Mutum mai shekara arba'in da biyar da baƙin gashi irin nasa, wanda yake tajewa kullum a ɗan madubin taga, me zai ɓoye?

Shi kuwa mai sanƙo ko'ina yana nan. Ga shi sunkuye a kan kular shinkafa. Ga shi yana fama da janareto. Ga shi yana tallafe da wata tsohuwa a bakin mota. Kullum baya, kullum cikin anko, kullum kan nan yana amsa rana. Ilisha ya yanke hukunci cewa dangin ango ne na Gubuchi, irin mutanen nan masu son a gani, waɗanda ba a aike su ba amma sun fi mai biki zufa.

"Ba dai a albam ɗin ƙanwata ba," ya ce, ya sa yatsa.

Kwana huɗu ya yi yana aikin, da an tashi makaranta sai gindin mangwaro. Inda mutumin ya tsaya ya dasa tukunyar fure. Inda ya sunkuya ya shimfiɗa ciyawa. A wani hoton ya rasa dabara, ya manna tattabaru biyu. Kular shinkafa ta koma tana tsaye ita kaɗai, tsohuwar nan ta jingina da iska, amma Ilisha ya duba ya ga aiki ya yi kyau. Hoto ashirin da bakwai ya tsabtace, ya ƙirga su da alfahari. Da wayar ta fara kukan cika, ya share na asalin duka, tunda ga gyararru.

Ranar Juma'a ya wanko su a Makarfi. Ya manna su a kwali, ya rufe bangon da ragowar yadin anko, ya rubuta sunan amarya da ango da alƙalami mai ruwan zinariya. Shafin ƙarshe, inda hotonsa ya kamata ya zauna, ya bar shi fari da gangan, don a gani a ji kunya.

Asabar da safe mota na jira a ƙofar gida. Serah ta zauna a kan akwati ta buɗe albam, Philomena tana leƙe ta kafaɗarta. Ilisha ya harɗe hannu yana jiran yabo. Serah ta yi dariyar tattabaru. Ta wuce furanni, ta wuce ciyawa. Can sai dariyar ta ɗauke, ta koma farko tana buɗewa da sauri, idonta ya ciko.

"Yaya, ina naka?"

"Nawa?" Ilisha ya yi murmushin wanda aka zalunta. "Ai ba wanda ya ga na isa a ɗauke ni."

"Haba Yaya! Ni na ce wa Happiness ta bi ka duk inda ka shiga, tunda na san ba za ka zauna ba. Hotunanka na fi so in tafi da su. Ta ce ko sau ɗaya ba ka juyo ba, amma ta samu ashirin da bakwai."

Direba ya danna hon. Philomena ta dubi tukunyar furen da ke bayan kek, ta ɗaga ido ta dubi tsakar kan mijinta, ta ce a hankali, "Baban Justin, ai saboda sanƙon nan naka na ce ka sa hula."