Minti Huɗu Kafin Sha Biyu

Mari na biyu ne ya fasa min leɓe. Ban yi kuka ba.

"Goge bayanan ranar nan!" in ji manajan masana'antar da nake kula wa da na'urar bayanai. Ranar da inji ya niƙe yayana, manajan ne ya kashe ƙararrawar gargaɗi, kuma rumbun bayanan masana'anta ya adana shaidar.

Na tofar da jini. "Ranka ya daɗe, goge da kanka in ka isa."

Ya wawuri ƙarfe ya rotsa akwatin wutar na'urar, ta mutu nan take. Da 'yan sanda suka zo, suka ɗauke faifan da bayanan ke ciki, ko ƙwarzane babu.

Bai san na'urar na goge duk bayanin da ya cika shekara biyar da kanta ba, ƙarfe sha biyu na rana. Yau na yayana ya cika, kuma ba ni da ikon hana ta. Shi ya sa na tsokano shi ya kashe ta kafin lokacin.