Faifan Sha'ibu Amerika

Kowace safiya, kafin ya ɗora tukunyar shayi, Sha'ibu sai ya goge faifan garmahonsa da gefen rawani. Ba ya barin kowa ya taɓa shi. Ko ƙuda ya sauka a kai, sai ya bi shi da mafici har bakin titi.

A akwatin marigayi mahaifinsa ya tsince shi, tare da garmahon. Tsohon ya taɓa yi wa wasu Anasara masu yawo da na'urori jagora a ƙauyukan Dakoro, kuma bayan sun koma ƙasarsu sun riƙa aiko masa da tsaraba. Gara ta cinye takardar tsakiyar faifan, amma kwalin yana nan: ƙarti huɗu masu tulin gashi da wanduna masu faɗin ƙafa, kowa rungume da gita. Faifan ya yi wa kwalin kaɗan, yana yawo a ciki. Sha'ibu ya ce haka mutanen Amerika suke, suna son walawa.

Da tsohon batirin mota yake tayar da garmahon, batirin da bai taɓa ƙoshi ba. Faifan sai ya juya a hankali kamar raƙumin da ya gaji. Ganga ta fara, dum, dum, da nauyi. Wani ƙato mai murya kamar daga cikin randa ya shiga gurnani. Can sai gita ta tsage da wani dogon kuka mai lanƙwasa, wanda ke sa masu shan shayi su aje kofi.

"Buluz ke nan," in ji Sha'ibu, ido rufe. "Wanda ya kaɗa wannan ya sha wahalar duniya."

Saboda faifan nan ya tara gashi har hula ta daina zama. Saboda shi ya sayar da akuya ya sayi gita a Maraɗi, ya kwashe shekaru yana kwaikwayon kukan nan har yatsunsa suka yi kanta. Gari ya sa masa suna Sha'ibu Amerika. Har fassara yake yi wa mutane: wata rana ƙaton na cewa matarsa ta hau jirgin ƙasa ta bar shi da kare, wata rana kuma karen ne ya hau jirgin.

Mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, ita kaɗai ce abin bai burge ba. Amma in ta ɗauki taɓarya a bayan rumfar shayin, dakanta sai ya hau kan gangar daidai, tana yin biyu, gangar na yin ɗaya.

"Kun gani? Har tsohuwa ta kama kiɗan," in ji Sha'ibu.

"Kai dai ba ka taɓa gajiya da damun mutane ba," take cewa.

Sai aka kawo wani malami, Mushe Zakiru, koyar da Ingilishi a kolej. Ya zo shan shayi, ya kasa kunne har faifan ya ƙare.

"Malam Sha'ibu, ban ji Ingilishi ko kalma ɗaya ba."

"Na Amerika ne, Mushe. Ba irin naku na lakwal da kuke koya wa yara ba ne."

Musu ya bar rumfar ya shiga gari. Masu kabu-kabu suka goyi bayan Sha'ibu, ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka bi Mushe. Da abin ya ishe shi, Sha'ibu ya rantse gaban jama'a: in waƙar nan ba ta Amerika ba ce, a aske masa kai tal a tsakiyar kasuwa, ya rataye gita har abada. Mushe ya ce ya yarda, amma a fara gyara garmahon a ji magana sosai.

Attaher mai haɗa wutar rana ya karɓi aikin. Ya canja robar da ke juya faifan, ya jona garmahon da wuta mai ƙarfi, ya ɗiga mai a kan wani ɗan maɓallin saurin juyawa da tsatsa ta kafe, ya tura shi ɗaya gefen.

Ran kasuwa rumfar ta cika har kan titi. Wanzami ya zo ba wanda ya kira shi, ya zauna a gaba yana wasa aska. Inna Hamsatu ta shimfiɗa tabarma a gefe. Sha'ibu ya taje gashi, ya ɗora allura da hannunsa.

Faifan ya zabura da gudu. Gangar ta koma kas, kas, kamar turmi.

"Su ma suna daka," in ji Sha'ibu.

Wani zakara ya yi cara a cikin faifan. Ƙaton nan kuma ya rikiɗe, ya zama wata yarinyar mace mai zazzaƙar murya, tana rera waƙa a hanci, ba kalma. Inna Hamsatu ta ja mayafi ta rufe baki. Wanzami ya matso da kujerarsa.

Sha'ibu ya ɗaga hannu. "Ku jira gitar. Duk Nijar babu mai iya fitar da wannan sauti."

Aka jira, ta iso. Wani jariri ne ya callara ihu kamar ana yanka shi, har lasifikar ta yi rawa. Dakan ya tsaya cak, sai matar cikin faifan ta ce da Hausa tsantsa, irin ta Dakoro: "Haba Sha'ibu, yi shiru mana, ba ka ga baƙi na ɗaukar waƙa ba?"