Katakon Malam Ƙa'ida

Iliyasu, Halimatusa'adiya, ku matso kusa. Kai ma Ukasha, ajiye wayar nan. Ba rabon gado na tara ku ba, da sauran numfashina. Shari'a zan ba ku, kuma babu mai tashi sai an yanke ta.

A wata sakandare tsakanin Makarfi da Kudan akwai wani malamin Fiziks. Sunansa ba yanzu ba. Mu kira shi Malam Ƙa'ida, don ba ya buɗe baki bai ce "a ƙa'ida" ba. Mutum ne mai biro reras a aljihu, ko gaisuwa yake amsawa kamar maki yake bayarwa.

Aka ce makarantar ta tura ɗalibi ɗaya gasar kimiyya a Zariya. Malam ya ce shi ba ya zaɓen son rai, gwaji ne zai zaɓa. Gwajin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. A ɗaga kan katako ya yi gangare, a saki 'yar motar ƙarfe daga sama, a danna agogo, a lissafa yadda gudunta ke ƙaruwa kafin ta dire. Abin da yara ke yi da gwangwani a gangaren rafi, shi aka sa wa babbar riga.

Sai dai katakon ɗakin gwajin gara ta daɗe da cinye shi, Malam kuma ya yi gum, kada shugaban makaranta ya ce ba ya kula da kaya. Ranar gwaji ya iso da wani katako ɗaure a bayan babur, dogo, ya yi duhu, yana ɗan ƙyalli. Ya share shi da busasshen tsumma, ya kori ƙudajen da suka biyo shi, ya jingina. Ya ja da baya yana kallonsa, ransa fes. Dabara ai sai mai ilimi.

Ɗalibai suka shigo. Tun makon jiya ya rubuta musu amsar littafi a allo, ya ce duk wanda ya yi aiki a ƙa'ida ita zai samu. Samarin ajin kowa ya saki motar sau ɗaya, ya leƙa agogo, ya koma lungu ya duƙufa. Kafin ka ce kwabo takardu sun taru, amsa iri ɗaya, daidai da ta allo kamar an yi su a kwano guda. Malam yana dubawa yana gyaɗa kai. Ka ga ɗalibai, ka ga hannun malami.

Saura mutum ɗaya, Mukarrama, 'yar Hajo ta Kudan, yarinyar da tun shigarta makarantar ba wanda ya taɓa wuce ta. Ita ce ta tsaya kan katakon kamar mai jiran tuwo ya nuna. Ta saki, ta auna. Ta sake saki, ta sake aunawa. Ta hure kiyashin da ke bin gefensa, ta murza yatsunta, ta sake. Amsarta ta ƙi kai ta littafi, ko kusa.

"Malam," in ji ta, "motar tana tafiya kamar ana riƙe ta."

"Aljanu ne suka riƙe ta?" in ji Malam. Ajin ya kwashe da dariya. "Kowa ya samu, sai ke? Gyara ki kawo."

"Abin da agogo ya nuna ke nan, Malam. In na gyara na yi ƙarya."

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. Shi za a yi wa wa'azi a ɗakin gwajinsa? Ya ɗaga takardarta sama, ya karanta da muryar shaƙiyanci. Ya ce ko agogon ba ta danna ba, ƙirƙira ta yi don a ce ta fi kowa. Washegari a taron safe, gaban shugaba da duk makaranta, ya kira ta maƙaryaciya, ya ba wani saurayi gurbin Zariya. Ya koma gida yana ba da labari da fariya, wai yau ya koya wa wata mai girman kai hankali. Laifi tudu ne.

Yarinya ta daina zuwa makaranta. Ubanta ya ce tunda abin ya zama tonon silili, ta zauna. Hajo ta rasa inda za ta kai kuka, sai ta je wajen mahaifiyar Malam, tsohuwa ce da ba ta taɓa zama aji ba. Tsohuwa ta yafa mayafi, suka tafi makarantar, aka buɗe musu ɗakin. Ga katako nan jingine, kiyashi ya yi masa layi. Ta ɗora tafin hannu a kai. Da ta ɗaga, sai da ya ce ɗaf.

Motar Zariya ranar Asabar za ta tashi. To, ku yanke mini. Wa ya auna, wa ya kwafa? Wa ya kamata ya tsaya gaban taron safe ya ce shi ne maƙaryaci, ya mayar wa yarinya gurbinta? In kun kasa, ni zan je in tsaya da kaina, kun kuma san bakina.

Tsohuwar dai ni ce, katakon kuma nawa ne, wanda nake jera kwanukan mazarƙwaila a kansa tun kuna goye, na wayi gari na rasa. Malam Ƙa'ida kuwa ga shi nan ya sunkuyar da kai yana lalubar waya, yayanku Ukasha.