Sun Bar Shi Ƙarƙashin Bishiya

Kwana huɗu ke nan Fan Jin-tu yana kan keke, kuma tun da hantsi ya san jikinsa ba daidai ba. Shekarunsa sittin da biyu, bakaniken motocin bas ne a birnin Taichung, bai daɗe da ajiye aiki ba. Su shida suka fito za su zagaya tsibirin Taiwan cikin kwana tara, a tsakiyar watan Yuli, lokacin da ko karen unguwa ba ya yarda ya taka kwalta da rana.

Jagoran tafiyar Tseng A-hai ne, amininsa tun suna aikin soja. Shi ya je har gida ya lallashi Shu-lien, matar Jin-tu, wadda ta kafe a kan cewa mai hawan jini ba ya wasa da zafi.

"Haba matar yaya, ni ne fa!" in ji shi. "Ina gabansa, ina bayansa. Sai dai ki ga tumbin nan ya ragu."

Da suka wuce garin Fangliao, titi ya miƙe tsakanin teku da gonakin mangwaro, babu inuwa ko ta rantsuwa. Kan Jin-tu ya dinga sarawa. Ya yi amai sau biyu. Can sai gumin ya ɗauke, fatarsa ta bushe ta yi zafi kamar murfin tukunya, ya fara tambayar ina motar da aka ba shi gyara.

Suka sauke shi ƙarƙashin wata babbar bishiya, gefen wani ɗan ɗakin bauta. A-hai ya zaro cokali da man zafi daga jakarsa.

"Zafi ne ya shige shi, ba wani abu ba. Ku riƙe min shi."

Ya shafa man, ya hau kankare masa wuya da kafaɗu da gefen cokali, yadda kakanninsu suka yi musu duka suna yara. Fata ta yi jawur, har da shatin baƙi-baƙi.

"Kun gani? Ga shi nan yana fita!" Ya buɗe lemon kwalba, ya barbaɗa gishiri, ya ɗura masa. Rabi ya zube a ƙirji.

Mei-chu, tsohuwar malamar makaranta da ke cikinsu, ta ce, "Ni fa idonsa bai yi min ba. A kira motar asibiti."

"Malama, kin fara ko? In muka zauna jiran mota, ba za mu kai hasumiyar fitilar bakin teku da za mu ɗauki hoto a gabanta ba sai rana ta faɗi. Hoto ya tafi, kwana tara ya koma goma. Me za mu gaya wa mutane?"

Jin-tu ya kamo gefen rigarsa. "A-hai, kada ka tafi. Ba na gani sosai."

"Kai tsoho, daina shagwaɓa! Ka huta awa ɗaya ka biyo mu. Hanya ɗaya ce, ko makaho ba ya ɓata."

Sauran ukun kowa ya sami abin dubawa a jikin kekensa. Malamar ma ta juya ga nata keken. Suka hau suka tafi, kuma wannan shirun nasu ya fi ba ni haushi a kan bakin A-hai.

Bayan awa biyu wata mai sayar da mangwaro ta zo kunna turare a ɗakin bautar, ta same shi kife, yana karkarwa. Ita da ba ta taɓa ganinsa ba, ita ta juye masa ƙanƙarar sana'arta gaba ɗaya a wuya da hammata, ta kira motar asibiti tana ihu.

Kwana shida bai san inda kansa yake ba. Ya farfaɗo, amma ƙodarsa ta tafi. Yanzu sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda, kuma likita ya ce haka zai ƙare rayuwarsa. Ya ce da an sanyaya jikinsa an kawo shi tun a awar farko, da wataƙila da ƙafarsa zai koma gida.

Su A-hai kuwa, da labari ya iske su a waya, suka ce ai yana hannun likitoci, suka ƙarasa zagayensu cikin kwana tara cif.

Sai bayan nan A-hai ya zo dubiya da kwandon tuffa. An gaya masa Jin-tu ba ya tuna komai, don haka ya gyara zama ya dubi Shu-lien.

"Matar yaya, ba yadda ban yi ba. Na ce zan zauna da shi, ya kore ni. Kin dai san taurin kansa."

Jin-tu ya juyo da kai a hankali daga kan gado.

"Na manta sunan garin, A-hai. Na manta ko wace rana ce. Amma ban manta yadda ka ɓamɓare yatsuna daga rigarka ba, ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in ina ce maka ɗan'uwa."

A-hai ya miƙe tsaye. Shu-lien ta ɗauki kwandon ta ajiye a waje, ta riƙe masa ƙofa.

Mai karatu, idan abokin tafiyarka ya daina gumi cikin rana ko ya fara magana ba kan gado, cokali da gishiri ba za su cece shi ba. Ka sanyaya jikinsa, ka kira motar asibiti, kuma kada ka matsa ko taku ɗaya daga gefensa. Babu hoto ko yabon da ya kai ran wanda ya yarda da kai.