Filtar Gidan Mista Pappas

Ƙarfe goma na safe Darrel Mizzi ya jingina tsaninsa a ƙofar gida mai lamba goma sha huɗu, rigarsa ta riga ta jiƙe sharkaf da gumi. A garin Townsville Disamba tsakiyar bazara ce, zafinta ba ya jiran azahar.

Takardar aikinsa ta ce: gidan Pappas, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hura iska, a canza filta, wato ragar tace ƙura. A ƙasa kuma ogarsa Noeleen ta ƙara da jan biro: "Ka yi murmushi." Sau biyu a wata guda ana kai ƙararsa kan baƙar magana. Ta ce masa in aka yi na uku, ya ajiye makullin mota.

Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba ƙofa ta buɗe. Wata mata ce mai furfura, da safar hannu irin ta aikin lambu, rungume da tukunyar gasa burodi. Ta yi turus.

"Barka da hantsi, Madam," in ji Darrel, ya washe haƙora har kumatunsa suka yi tsami. "Mai gyaran sanyi ne."

Ta dube shi, ta dubi tsanin, sannan ta sauke numfashi. "Kai, ɗan nan, ka ba ni tsoro. Shigo."

Gidan ya yi kaca-kaca. An zazzage durowoyi, an ja kujeru gefe. A ɗakin wanki wani kare yana ta haushi kamar zai ɓalle ƙofa. Matar ta ce shara take yi ta ƙarshen shekara, karen kuma ba ya son baƙi.

Ya tambaye ta inda filtar take. Ta nuna kicin. Ya duba, babu. Ta nuna banɗaki. Can dai ya gano murfin a silin ɗin baranda, daidai saman kanta. Wata magana ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

Da ya zaro filtar, ƙura ta zubo masa a fuska kamar an juye buhun gari. Ragar ta toshe da gashin kare, da matattun kyankyasai, har da busasshiyar tsaka guda.

"Madam, yaushe rabon da a taɓa wannan?"

"Wallahi ban sani ba," in ji ta, tana naɗe wayar rediyo.

A da, da nan zai fara. Yau kuwa sai ya yi mata bayani a hankali: kowane wata uku ake wankewa, in ta tsufa a sa sabuwa, in ba haka ba injin ya wahala ya ƙone. Tana ta gyaɗa kai, idonta na kan agogon bango. Da ya gama, ta sauke agogon ma.

Yana ɗaura sabuwar filta ya ji nishi a falo. Ya leƙa ya ga tana kokawa da talabijin, wani ƙato mai faɗin ƙofa. Ta ce wurin gyara za ta kai shi.

"Haba, Madam, ina tsaye? Bayanki zai ƙage."

Shi ya ɗauka. Motarta tana manne da bakin gareji, but a buɗe, an kusa cika ta. Ya sauke kayan, ya sake jera su yadda ba za su fashe ba. Ya koma ya ɗauko kwamfuta da akwatin kayan kamun kifi. Har tsohon bargonsa ya ciro daga motarsa ya lulluɓe gilashin talabijin.

Ta ce ya cancanci ruwan sanyi. Sai da ta buɗe kabad huɗu kafin ta sami kofi.

"Madam, in ofishinmu suka kira, don Allah ki ce na kyauta."

"Ɗan nan, a duk shekarun da na yi ina wannan fama, ban taɓa samun mai taimako irinka ba."

Darrel ya ji daɗi har cikin ransa. Ya tsaya a titi yana ba ta hannu har ta fita da baya lafiya, ya ɗaga mata hannu, ta danna masa hon.

Ya koma ya kunna na'urar. Iska mai sanyi ta sauko shuu. Tausayin karen ya kama shi, ya buɗe masa. Karen ya fito ya lashe masa hannu, ya kwanta a ƙafarsa.

Yana naɗe tsani wani dattijo mai gajeren wando ya shigo da ledar cefane. Ya tsaya yana kallon bangon falo.

"Mista Pappas ko? An gama, ranka ya daɗe, ji sanyi!" in ji Darrel. "Kada ka damu da talabijin, Madam ta kai shi gyara. Ni da kaina na loda mata."

Dattijon ya ajiye ledar a hankali.

"Wace Madam? Ni ban taɓa aure ba."